Shafin intanet na shagon atamfa: ɗaya ya ce dubu 90, ɗaya ya ce dubu 700

Tambayar ta fito ne daga wata Hajiya mai shagon atamfa, leshi da shadda a Kasuwar Wuse, wadda kuma take haɗa wa mutane kayan lefe. Ta ce yawancin cinikinta yanzu ta WhatsApp da Instagram yake shigowa, 'ya'yanta kuma sun matsa mata ta buɗe shafin intanet nata na kanta. Ta yi magana da masu gina shafi biyu. Na farko ya ce naira dubu 90, cikin mako guda ya gama. Na biyu ya ce dubu 700, kuma sai ya yi wata biyu. Tana son sanin abin da ya kawo wannan tazara, wanda za ta ɗauka, da yadda za ta kauce wa cuta a harkar da ba ta sani ba.

Hajiya, Allah ya ƙara buɗi. Kada ki ba kowa a cikinsu ko sisi tukuna. Ban ce akwai macuci a cikinsu ba. Mai yiwuwa ne kowanne gaskiyarsa ya faɗa miki, sai dai ba abu ɗaya suke yi wa kuɗi ba. Ke kin ce kina son shafi, kowa kuma ya ƙiyasta a ransa abin da kike nufi. Mai dubu 90 ƙila ɓangare huɗu ko biyar yake nufi, da 'yan hotuna da lambar waya. Mai dubu 700 ƙila cikakken kanti yake hange, inda mace za ta zaɓi kaya, ta biya da kati, a lissafa mata kuɗin kai kaya, a rage adadin abin da ya saura a shago. Muddin ba ki rubuta abin da kike so a takarda kin miƙa wa dukkansu iri ɗaya ba, farashinsu bai gaya miki komai ba. Na daɗe ina wannan sana'a a Abuja, kuma yawancin rigingimun da na gani tsakanin mai aiki da mai gina shafi daga rashin wannan takarda suke tasowa.

Rubuta ta ba wuya. Ki zauna da wanda ya fi kowa riƙe wayar shagon, ku buɗe saƙonnin WhatsApp na watan da ya wuce, ku ga tambayoyin da suka fi maimaituwa. Na san abin da za ku tarar: "Nawa ne wannan?" "Akwai wata kalar?" "Yadi nawa ne?" "Kuna aikawa Kaduna?" "Lefe mai akwati shida nawa zai ci?" "A wane layi shagonku yake?" Amsa waɗannan shi ne aikin shafinki. Duk abin da zai amsa su ba tare da kin ɗaga waya ba, ya shiga takarda. Hotunan da ke juyawa a sama, rubutu mai tsalle, kiɗan da ke tashi da an buɗe, duk a bar su. Kuɗinki za su ci, su ci datar kwastoma.

Akwai tambaya ɗaya da nake so ki tsaya a kanta sosai, domin ita ce za ta nuna miki irin shafin da ya dace da ke. Idan aka sayar da turmi a shago da ƙarfe 11 na safe, wa zai cire shi daga shafin kafin azahar? Kayanki ba irin na mai sabulu ba ne da yake da katan ɗari iri ɗaya. Sau da yawa zane ɗaya turmi biyu ko uku kike da shi, leshi mai tsada ma ƙila guda ɗaya tak. Idan shafin yana karɓar kuɗi kai tsaye, wata a Legas za ta biya kuɗin leshin da aka riga aka ɗauka a Wuse tun safe, ki koma ba da haƙuri da mayar da kuɗi. Wadda aka yi wa haka sau ɗaya da wuya ta sake dawowa. Cikakken kantin intanet yana buƙatar mutumin da aikinsa ke nan kullum: shigar da sabon kaya, cire wanda ya ƙare, gyara farashi duk lokacin da dala ta motsa. In ba ki da wannan mutumin yanzu, a ganina ki fara da shafin baje kaya. Kowane kaya da hotonsa, lambarsa, farashinsa da adadin yadinsa, a ƙasa kuma maɓallin da in an taɓa zai buɗe WhatsApp ɗinki da saƙo rubutacce, misali "Ina son lamba L-214". WhatsApp na da hanyar yin wannan kyauta, ba aiki ne mai wahala ba. Matan da ke sayen kayanki dama sun fi son su yi magana da mutum, su nemi ragi, su ce a ɗauko musu bidiyon leshin a hasken rana. Kada ki rufe musu wannan ƙofa. Abin da za ki gindaya wa mai ginin tun farko shi ne ya gina yadda za a iya ƙara biyan kuɗi nan gaba ba tare da an rushe an sake sabo ba.

Lefe kuwa ki ware masa ɓangarensa. Mai haɗa lefe ba turmi ɗaya take nema ba, tana son ta ga abin da ke shiga akwati a kowane mataki na kuɗi, kwana nawa kike buƙata, nawa ne kafin alƙalami, da hotunan waɗanda kika taɓa haɗawa. Yayyen ango da ke zaune a Ingila ko Saudiyya da irin wannan ɓangaren suke yanke shawara kafin su kira ki.

'Ya'yanki suna da gaskiya da suka ce ki mallaki naki. Ranar 4 ga Oktoba 2021 Facebook, Instagram da WhatsApp suka ɗauke na kusan awa shida a duniya baki ɗaya. A shekarar 2021 ɗin gwamnatin Najeriya ta dakatar da Twitter tun daga Yuni har Janairun 2022. Ga kuma masu kutse da ke ƙwace asusun 'yan kasuwa su riƙa karɓar kuɗi da sunansu. Amma kada wani ya ce miki da an buɗe shafi kwastomomi za su kwararo. Ke za ki kai su, ta hanyar sa adireshin a Instagram, a sitatus, a ledar shago da kan rasit.

Yanzu ga inda aka fi cutar mutane. Shafi abu uku ne: suna, wato adireshin da ake rubutawa a same ki; masauki, wato kwamfutar kamfanin da ke ajiye shafin dare da rana; sai ginin kansa. Ke mazauniyar Abuja ce, kin san makomar wanda ya ba magini kuɗi ya sayo masa fili, magini ya yi takardu da sunan kansa. Gini zai yi kyau, a tare lafiya, amma ranar da suka ɓata mai takarda ne mai gida. Sunan shafi haka yake. Wanda sunansa da imel ɗinsa ke kan rajista shi ne mai shi, ko da ke kika biya. Masu gina shafi da yawa da asusunsu suke yi wa mutane rajista, wasu don sauƙi, wasu don su riƙe mutum.

Wata makaranta mai zaman kanta a nan Abuja ta taɓa kira na a daidai lokacin ɗaukar sababbin ɗalibai, shafinsu ya ɓace. Da muka bincika, wanda ya gina musu da sunansa ya yi rajista, ya bar ƙasar, layinsa ba ya shiga. Duk saƙonnin tunatarwa cewa lokacin sabuntawa ya yi, imel ɗinsa suka riƙa zuwa. Wa'adi ya wuce, sunan ya faɗi, wani ya ɗauke. Iyaye na rubuta adireshin makarantar 'ya'yansu, tallan caca na buɗe musu. Adireshin nan kuwa yana jikin allon ƙofar makaranta, yana jikin motar ɗaukar yara, yana kan kowace takardar biyan kuɗi. Dole suka yi sabon suna, suka sake buga komai.

Kauce wa wannan, aikin rabin awa ne. Ki buɗe sabon imel na kasuwanci kawai, da lambar wayarki, ki kunna masa tabbatarwa mataki biyu yadda ba mai shiga sai da lambar da za a turo wayarki. Da wannan imel za ki buɗe asusu a kamfanin rajista, ki biya da katinki. Mai ginin zai iya zama kusa da ke ya nuna miki inda za ki taɓa, amma sunanki za a rubuta, kalmar sirri kuma a hannunki. Ki sani ba sayen suna ake yi dungurungum ba, haya ce ta shekara-shekara. In wa'adi ya cika akwai 'yan kwanakin sassauci, daga nan sai lokacin da ake fansa da tara mai nauyi, daga nan a sake shi ga duk wanda ya riga. Ki kunna sabuntawa ta kai tsaye, ko ki biya shekara biyu ko uku gaba ɗaya, ki kuma rubuta ranar a littafin shago.

Sunayen da ke ƙarewa da .ng suna ƙarƙashin NiRA ne, ƙungiyar da aka kafa a 2005 don kula da su, kuma a shafinta akwai jerin kamfanonin da ta amince su yi rajista. A cikinsu za ki zaɓa. Masu ƙarewa da .com kamfanin Verisign na Amurka ne ke riƙe da su, asalin farashinsu da dala yake, shi ya sa tun da aka saki naira a Yunin 2023 masu su suke jin jiki wajen sabuntawa. Ga mai kasuwanci a Najeriya .com.ng ya wadatar, kuma ya fi sauƙi. In sunan naki bai da mai shi a .com kuma kina da hali, ki ɗauki duka biyun a karkata ɗaya zuwa ɗaya, don kada wani ya buɗe mai kama da naki. Sunan ya zama gajere, wanda za ki faɗa a waya a rubuta daidai ba sai kin maimaita ba, kuma ya yi daidai da wanda ke kan allon shagonki.

Masauki ma da asusunki za a yi. Ki tambayi nawa ne a shekara, kuma sau nawa suke ajiye kwafin shafin, domin ranar da wani abu ya lalace wannan kwafin ne zai cece ki. Adireshin dole ya fara da https. Tun Yulin 2018 burauzar Chrome take yi wa wanda ba shi da wannan tambarin rashin tsaro, kuma ba macen da za ta tura kuɗin leshi bayan ta ga haka. Takardar shaidar da ke ba da wannan tsaro ana samun ta kyauta daga Let's Encrypt, kamfanonin masauki da yawa suna haɗawa da ita. In aka sa miki kuɗi mai yawa a kanta, ki nemi dalili. Sannan ki yi wa dukkansu biyun tambayar da mutane ke mantawa: bayan shekara ta zagayo, nawa zan riƙa biya, kuma na mene ne da mene ne? Sau da yawa a nan ake gane cewa mai arahar bai sa suna da masauki a lissafinsa ba, ko kuma na shekarar farko kawai ya sa.

Abin da ya fi jinkirta aiki a hannuna kullum shi ne hotuna da bayanin kaya, waɗannan kuwa daga wajenki za su fito. Mai gini bai san bambancin shadda mai maiƙo da marar maiƙo ba, bai san wane leshi ne na amarya wane ne na uwar amarya ba. Ki fara tanadi tun kafin a yi ciniki. Kada a ɗauki hoto a ƙarƙashin ƙwan shago, yana juya kala: ruwan ƙasa ya koma ja, shuɗi mai duhu ya koma baƙi, kaya su isa Kano a ce ba shi aka gani ba. A fito da su bakin ƙofa da hantsi, a inuwa mai haske, a shimfiɗa a kan farin ƙyalle iri ɗaya kullum. Kowane kaya hoto uku: ɗaya a buɗe a ga zanen gaba ɗaya, ɗaya daf da daf yadda za a ga saƙa da duwatsun leshi, ɗaya an rataya a ga yadda yake zuba. Kada a kwaso hotunan wasu daga Instagram. Haƙƙin mutane ne, kuma ranar da kwastoma ta ga hoto ɗaya a shago uku ta daina yarda da ke.

Nauyin hotunan ma abin lura ne. Hoton waya ɗaya yakan kai megabait 3 zuwa 5. A jera 30 a ɓangare guda yadda suke, an kai megabait 90 zuwa 150, kuma kwastoma da datarta za ta biya, ga shi kuɗin data ya tashi tun da hukumar sadarwa ta NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin 100 a Janairun 2025. Kafin hoto na biyar ya buɗe ta fita. Ana iya matse kowane hoto ya dawo kilobait 150 zuwa 200 ba tare da ido ya ga bambanci a waya ba. Ki sa a takarda cewa shafin ya riƙa matse hoto da kansa duk lokacin da aka ɗora sabo, domin yaran shago ba za su tuna ba.

In za a yi shafin da Hausa da Turanci, kuma ina ba ki shawarar haka, akwai abin da masu gini da ba Hausawa ba ba sa lura da shi. Salon rubutu masu ado da yawa ba su da haruffanmu masu lanƙwasa. Sai ki ga inda ya kamata ƙ ko ɗ ko ɓ ta fito, ɗan akwati ne ya fito, ko harafin ya bambanta da 'yan'uwansa. Ki ce ya rubuta miki "ɗinki", "ƙyalle" da "ɓangare" a kanun shafin ki gani da idonki. Salon Noto Sans na Google yana da su duka, kyauta ne. Wurin bincike na cikin shafin kuma ya gane kalma ko an rubuta ta ba lanƙwasa, domin yawancin mutane "dinki" za su buga a wayarsu.

Ki tambaye su da me za su gina. Ga irin aikinki WordPress, wato manhajar gina shafi, ya isa. Tun 2003 yake, kuma fiye da kashi 40 cikin 100 na shafukan duniya a kansa suke. In lokacin kanti ya yi, akwai WooCommerce da ake jona masa. Amfaninsa gare ki shi ne ko mai gininki ya bar gari, akwai matasa da yawa a Abuja da za su ɗora daga inda ya tsaya. Wanda ya ce zai rubuta miki komai daga tushe da hannunsa, aikinsa na iya yin kyau, amma kin ɗaure kanki da shi. Banki ko asibiti na iya buƙatar haka, shagon atamfa ba ya buƙata. Wani abu kuma da nake jin takaicinsa: zanen fuskar shafi da ƙananan manhajojin da ake jonawa, masu kyau da yawa na kuɗi ne, wasu masu gini sai su sauko da na sata kyauta don su karya farashi. Irin waɗannan ba sa samun sabuntawa, kuma sau da yawa an cusa musu ƙofar ɓoye. Bayan 'yan watanni sai shafi ya fara tura mutane wani wuri, Google ya sa masa gargaɗi. Duk abin da aka ce an saya, a nuna miki rasit, lasisin kuma ya zo imel ɗinki.

Da takardarki a hannu, ki koma wa mutanen nan biyu, ki ƙara da na uku in kin samu, kowa ya rubuta miki farashi dalla-dalla a kan abu ɗaya. Za ki ga tazarar ta ragu. Araha ba ta ado, gaskiya ne, amma tsada ma ba shaidar iya aiki ba ce. Kowanne ya ba ki adireshin shafuka uku da ya gina waɗanda suke aiki yanzu, ba hoton allo ba. Ki buɗe su a wayarki da datarki, kina zaune a cikin kasuwa inda sabis ke wahala, ba a ofishinsa a babbar kwamfuta ba. Masu sayen kayanki a waya za su gan ki, Google ma fuskar waya yake dubawa wajen jera shafuka. Sannan ki kira masu shafukan ki yi musu tambaya ɗaya: bayan ya karɓi cikon kuɗinsa, yana ɗaga waya? Ki kuma lura da wanda ya fi yi miki tambayoyi. Wanda ya tambayi su wa ke sayen kayanki, yadda kike aikawa, wa zai riƙa ɗora kaya, shi ne yake tunanin kasuwancinki. Wanda ya yanke farashi kafin ki rufe baki, abin da ya saba yi wa kowa zai yi miki.

Duk wanda kika zaɓa, a yi yarjejeniya a rubuce, ko da ɗan ƙanwarki ne. Na ma fi jaddadawa in ɗan'uwa ne, domin kunya ce ke hana tambaya har zumunci ya lalace. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, a Suratul Baƙara, kan rubuta bashi take, don haka babu abin jin nauyi a ciki. Takarda ɗaya ko biyu ta isa. A rubuta ɓangarorin da za a gina, adadin kayan da shi zai ɗora da farko, ranar da za ki ba shi hotuna, ranar da zai nuna miki zane, ranar gamawa, da sau nawa kike da damar cewa a gyara. Kuɗi a raba uku: kafin alƙalami, kashi na biyu bayan kin ga shafin yana aiki a adireshin gwaji, ciko bayan ya miƙa miki komai. Kada ki biya duka a farko, kada kuma ki ce sai ya gama za ki ba shi ko kwabo, mai aikin kirki ba zai yarda ba. A sa layi ɗaya da ke cewa da zarar an gama biya, zane, rubutu da ginin duk mallakarki ne. Wannan layin ba ado ba ne. A Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, haƙƙin aiki yana farawa ne a hannun wanda ya ƙirƙira shi sai in yarjejeniya ta ce ba haka ba, kuma miƙa haƙƙin ba ya tabbata sai a rubuce.

Shi ma mai ginin yana da haƙƙi a kanki, kuma zan faɗa domin na san zafin abin. In kin ce hotuna za su zo ranar Litinin, su zo. In aiki ya yi nisa sai wata ƙawa ta nuna miki wani abu a shafin wani kika ce a ƙara, sabon aiki ne, a yi masa nasa farashin da nasa lokacin. Mutum ɗaya ya riƙa magana da shi, kada ke ki ce kore, babban ɗanki ya kira ya ce shuɗi, auta ta turo saƙo da dare ta ce a canza duka. Ku tattara gyare-gyarenku ku tura lokaci guda.

Ranar da kika shirya karɓar kuɗi ta shafin, Paystack da Flutterwave, kamfanonin karɓar kuɗi ta intanet, su aka fi amfani da su a nan. Paystack, wanda kamfanin Stripe ya saya a 2020, ya daɗe yana cire kashi 1.5 cikin 100 da ƙarin naira 100 a cinikin cikin gida, kuma abin da yake cirewa ba ya wuce naira 2,000 komai yawan kuɗin. Ki sa wannan a lissafin ribarki. Babban amfaninsa shi ne kin huta da alat ɗin bogi, domin shafin ba zai ce an biya ba sai kuɗi sun shiga da gaske. Asusun nan ma da sunanki za a buɗe, kuɗin su faɗa asusun bankin kasuwancinki, ba na mai gini ba ko na kwana ɗaya. Don ki sami cikakken asusu za su nemi takardar rajistar CAC, hukumar rajistar kamfanoni. Hedikwatar hukumar na Maitama, amma ta intanet ake yin rajistar yanzu, in ba ki yi ba ki fara da ita. Kuɗin kai kaya ki tsara shi da kanki, domin ke kika san ɗan aike mai babur ba kuɗi ɗaya yake karɓa zuwa Garki da zuwa Kubwa, Lugbe ko Mararaba ba, kuma abin da za a sa a mota a tashar Jabi ko Utako lissafinsa daban. Tunda za ki riƙa tara sunaye, lambobin waya da adireshin gidajen mutane, Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta shafe ki. A sa ɗan bayani a shafin kan abin da kike karɓa da abin da kike yi da shi, kada a nemi abin da ba a buƙata, kuma kada lambobin matan mutane su fita hannun kowa.

Kafin ki biya ciko, ki gwada da kanki. Ki ba mutum uku wayoyi daban-daban, har da ƙaramar Android mai araha, ki ce su nemo shadda fara su yi oda, ke kuma ki yi shiru ki kalla. Duk inda suka tsaya suna dube-dube, akwai gyara a wurin. A taɓa kowane maɓalli, a cike kowane fom a ga ko saƙon ya iso. Ranar miƙa aiki ki karɓi babban asusun shafin da imel ɗinki, da na masauki, da cikakken kwafin shafin a filas, sannan ki canza kalmomin sirri duka. In zai ci gaba da kula da shafin, kuma ya kamata wani ya riƙa yi domin WordPress da manhajojinsa suna buƙatar sabuntawa a kai a kai, a buɗe masa nasa asusun daban, a yanka masa kuɗin wata ko na shekara, a rubuta abin da ya ƙunsa. Ki ce ya buɗe miki Google Business Profile, kyauta ne, da imel ɗinki, don shagon ya fito a taswira da lokutan buɗewa da lambar layin da kike a kasuwa.

A cikin cinikin kuma ki sa koyarwa. Ya zo shagon ya zauna da yarinyar ko yaron da zai riƙa ɗora kaya, ya sa shi ya ɗora turmi biyar da hannunsa, ya canza farashi, ya cire wanda aka sayar, a ɗauki bidiyon allon yana yi don a riƙa komawa. Asusun yaron shago ya zama mai iyaka, wanda zai iya ɗora kaya da gyara farashi amma ba zai iya goge shafin ko taɓa saitin kuɗi ba. Ranar da ya bar aiki, kafin ya kai bakin ƙofar kasuwa ki rufe asusun, ki buɗe wa wanda ya gaje shi sabo.